Ladan Likita da Ciwon Tsananin Damuwa

A bisa al'ada, ana biyan asibiti gwargwadon yawan majinyatan da ya duba, ko sun warke ko ba su warke ba. Wannan ya sa wasu ƙasashe suka fito da wata dabara, wato a ware wani kaso na kuɗin, a ce ba za a bayar ba sai an ga ingancin aiki. Tambayar ita ce, yaya za a auna ingancin a cutar da gwajin jini ba ya nuna ta?

Ciwon tsananin damuwa irin wannan cuta ce. Mai fama da shi yakan yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya gagara, abin da yake sha'awa a da ya fita masa a rai. Likitoci kan auna shi da takardar PHQ-9, mai tambayoyi 9, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 10 zuwa sama alama ce ta a kula.

Birtaniya ta soma biyan likitocin unguwa bisa inganci a 2004, a tsarin da ake kira QOF, sa'an nan ta shigar da ciwon damuwa a 2006. A wancan lokacin, likita na samun lada in ya yi wa masu ciwon sukari da na zuciya tambayoyi biyu na tantancewa, in kuma ya auna tsananin ciwon ga wanda aka gano yana da shi. An cika takardu kam, amma sababbin majinyatan da tantancewar ta gano kaɗan ne. Bugu da ƙari, masu bincike sun lura wasu likitoci sun fi rubuta alamar ciwon maimakon sunansa, domin rubuta sunan na jawo ƙarin aiki. A 2013 aka janye ladan tantancewar a Ingila.

A Jihar Washington ta Amurka kuwa, wata hanya aka bi. Daga 2009, wani shiri na kula da marasa galihu ya riƙe kashi 25 cikin 100 na kuɗin asibitocinsa, sai sun cika sharuɗɗa. Daga ciki akwai bibiyar majinyaci a kan kari, da miƙa batun wanda bai samu sauƙi ba ga likitan ƙwaƙwalwa. Binciken Jürgen Unützer da abokan aikinsa na 2012 ya nuna lokacin da rabin majinyata ke ɗauka kafin su samu sauƙi ya sauko daga kusan mako 64 zuwa 25.

A lura, can ma aiki aka biya, ba warkewa ba. Sai dai aikin da aka zaɓa shi ne wanda ciwon ya fi bukata, domin maganinsa kan ɗauki makonni kafin ya kama, kuma a wannan tsakanin ne majinyata da yawa ke yanke ƙauna su daina zuwa. Amma fa binciken ya kwatanta kafin da bayan sauyin ne kawai, don haka ba za a ce ladan kaɗai ya kawo wannan ci gaba ba.