TUNJERE NA IYA TAƁA ƘWAƘWALWA: AKWAI MAGANI A ASIBITI

Jama'a, a lura. Ba kowace mantuwa ce tsufa ke kawowa ba. In ka ga mutum mai shekara arba'in ko hamsin ya soma mance sunan 'ya'yansa, lissafin kasuwa ya gagare shi, ko halinsa ya sāke, yau fushi, gobe ya ce shi ne mai arzikin gari, to, kada ka tsaya cewa sammu ne ko iska. Kawo shi asibiti. Mai yiwuwa ne tsohon tunjere ya hau kai.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar tunjere tana shiga jiki ta wajen saduwa. Da fari wani ɗan gyambo kan fito a al'aura, ba ya zafi, ya warke da kansa cikin 'yan makonni. Mutum ya ɗauka ya rabu da shi ke nan. Ina! Ƙwayar tana nan kwance a jiki. Ga wasu mutane kaɗan, bayan shekara 10 ko 20, ko fiye, sai ta soma cin ƙwaƙwalwa. Tun 1913 wani likita ɗan Japan, Noguchi, ya gano ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo.

Likita zai ɗibi jini ya auna. Zai kuma ɗibi ruwa kaɗan daga gadon baya. Kada wannan ya ba ka tsoro, da shi ake tabbatarwa.

Maganinsa fanisilin ne, wanda aka soma yi wa masu tunjere a 1943. Amma fa ka ji da kyau: allurar nan ta ɗuwawu da ake yi wa sabon tunjere ba ta isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Sai an kwantar da majiyyaci, ana sa masa maganin ta jijiya kowace awa 4, dare da rana, har kwana 10 zuwa 14. Kafso na kemis ba zai yi wannan aiki ba, ɓarnar kuɗi ce kawai. A ranar farko zazzaɓi na iya rufe shi. Ya saba faruwa, ka gaya wa nas, kada ka ɗauke shi ka tafi gida. In fanisilin ya taɓa ba shi ƙaiƙayi ko kumburi, faɗa wa likita tun kafin a soma.

Maganin yana kashe ƙwayar, ciwon ya daina gaba. Wanda aka kawo da wuri, sau da yawa hankalinsa kan komo ƙwarai. Wurin da ya riga ya lalace kuwa, ba lalle ya gyaru ba.

Ke uwargida, ke ma a auna jininki, da abokan zamanki in akwai, musamman mai juna biyu, don tunjere yana kama jariri tun a ciki. A yi gwajin ƙanjamau kuma. Bayan sallama, ku riƙe katinsa, ku komo ranar da aka rubuta a sāke auna jini.