Cinikin Ciyawar Ruwa A Kasuwar Masu Kiwon Kifin Ƙawa

Manomi ya saba ya nome ciyawa ya yar. In aka ce masa akwai inda a ke ƙulla ciyawa cikin leda a yi tayinta kamar goro, ya yiwu ya ce zancen banza ne. Amma haka abin ya ke a Turai da Amurka da Japan, inda mutane da yawa su ke kiwon ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi don ƙawata ɗaki. Yanzu kuwa abin ya fara shigowa Ikko da Abuja da Kano. Ciniki ne mai riba ga wanda ya san shi, amma akwai wani haɗari a cikinsa da ya shafi kowane mai lambu da kowane masunci. Saboda haka ya kamata a san shi tun da wuri.

Asalin Abin

Wajen 1850 wani masani a London, Robert Warington, ya sa kifi biyu cikin wani babban tulun gilashi tare da wata ciyawar ruwa mai dogayen ganye da a ke kira Falisneriya. Ya ga kifin sun daɗe da rai ba tare da an sake musu ruwa ba. Dalili kuwa, in haske ya sami ganyen ciyawa sai ta fitar da iskar da kifi ke shaƙa, ita kuma ta ci ƙazantar da kifi ke fitarwa, kamar yadda gona ke cin taki. A 1853 aka buɗe ɗakin nuna kifi a gidan namun daji na London, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Tun daga nan abin ya bazu cikin gidajen mutane, ciyawar ruwa kuma ta zama haja.

Yadda Kasuwar Ke Ci

Masu wannan kiwo su kan kafa ƙungiya a garinsu. A Jamus ma babbar ƙungiyar da ta haɗa su tun 1911 aka kafa ta. Lokaci lokaci ƙungiya ta kan yi hayar wani babban ɗaki, galibi ran Asabar ko Lahadi, ta jera tebura. Wanda ciyawarsa ta yi yawa, ko kifinsa ya hayayyafa, ko ya ke da tsohon akwatin da ba ya bukata, sai ya biya kuɗin tebur ya baje kayansa. Yawancin masu baje kayan nan akawuna ne da malaman makaranta da leburori, waɗanda ke son su mai da kuɗin abincin kifi da na lantarki.

Iri uku ne cinikin. Akwai saye da kuɗi hannu. Akwai musaya, watau ba ni gishiri in ba ka manda, mai ciyawa ya ba mai kifi su rabu kowa na murna. Akwai kuma gwanjo, inda a ke ɗaga ƙulli ɗaya ɗaya a yi tayi, ƙungiya ta ɗauki la'adarta, saura na mai kaya. Ban da ciyawa a kan sayar da akwatuna, da fitilu, da injin tace ruwa, da na hura iska, da tsakuwa, da busasshen icce na ado.

Kayan Ƙasashen Nan A Teburan Turawa

Abin mamaki, wasu daga cikin ciyayin da aka fi so a kasuwannin nan 'yan Afirka ta Yamma ne. Bado ɗin nan da yara ke tsinka a tafki, akwai irinsa mai jan ganye da ɗigo-ɗigo wanda Turawa ke sayen saiwarsa su dasa a tsakiyar akwati. Akwai kuma wata mai kaurin ganye da a ke kira Anubiyas, wadda ke fitowa a bakin rafuffukan kurmi a kudancin Nijeriya da Kamaru. Irinta da aka fi sani an raɗa mata sunan Charles Barter, masanin itatuwa wanda ya biyo Dokta Baikie cikin tafiyarsa ta Kwara, ya rasu a Raba ta ƙasar Nufe a 1859. Yawancin wadda a ke sayarwa yanzu a gidajen renon tsiro na Turai da Asiya a ke nomanta. Watau iri na nan ƙasashen ne, riba kuwa ta waɗanda suka koyi renonsa ce.

Dalilin Tsada Da Araha

Ɗan kasuwa ya san abin da ya yi yawa ba ya tsada. Anubiyas ta kan yi makonni kafin ta fitar da ganye ɗaya, don haka kullum kuɗinta da dama. Amma ciyayin da ke yawo bisa ruwa, irin su kainuwa da wata ƙarama mai gashi-gashi da a ke kira Salbiniya, kowane mako sai mai akwati ya kwashe su da hannu don kada su tare wa na ƙasa haske. Waɗannan su ne masu araha, har a kan ba da su gyara. A riƙe wannan magana, domin a nan haɗarin ya ke.

Abin Da Mai Saye Zai Duba

1. Ya tambayi sunan ciyawar, ya ga an rubuta shi jikin leda. Ba a cinikin biri a sama. Akwai tsire-tsiren tudu masu kyaun ganye da a ke cusawa cikin ruwa a sayar wa baƙo, bayan 'yan makonni su ruɓe su ɓata masa ruwa.

2. Ya dubi saiwa. Fara mai ƙarfi ita ce lafiyayya. Baƙa mai laushi da wari a bar wa mai ita.

3. Ya juya ganye ya dubi bayansa. In ya ga wani abu mai yauƙi kamar majina da ɗigo a ciki, ƙwan dodon koɗi ne. In ya ga baƙin gashi a gefen ganye, gansakuka ce mai wuyar fita.

4. Ya tambaya ko cikin ruwa aka rene ta ko a sarari. Gidajen reno sun fi renon ciyayin nan da saiwa cikin laima, ganye a iska, don sun fi saurin girma haka. In an nutsar da irin wannan, tsofaffin ganye su kan narke, sa'an nan sababbi su fito. Wanda bai sani ba sai ya ce an cuce shi, ya tumɓuke ya yar.

5. In tsohon akwati zai saya, ya bi kusurwoyi da yatsa ya ji ko ɗanƙon da ya haɗa gilashin ya ɗaɗe. In ya kai gida ya cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu kafin ya shigar da shi ɗaki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka akwati mai cin lita 100 ya fi buhun gero nauyi in an haɗa da tsakuwa, yana bukatar tebur mai ƙarfi.

6. Kayan lantarki kuwa a jona su a gabansa ya ga suna aiki. Ya kuma lura, na Amurka an yi su don wuta mai ƙarfin 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce, in an jona kai tsaye ƙonewa za su yi.

In an kawo sabuwar ciyawa gida kada a sa ta wurin kifi nan da nan. A jiƙa ta kwana 2 cikin ruwan da aka narka alif, babban cokali 1 ga galan 1, don ya kashe dodon koɗi da ƙwansa. Sa'an nan a ɗauraye ta sosai, a ajiye ta cikin bokiti ita kaɗai kamar mako 2 ko 3 a ga halinta. Anubiyas kuwa ba a binne gindinta mai kwanciya, sai dai a ɗaure shi da zare jikin dutse ko icce, in an binne ruɓewa zai yi.

Abin Da Mai Sayarwa Zai Kiyaye

Ya yanke kayansa ran jajiberen kasuwa, ya wanke, ya cire matattun ganye, ya naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda, ya sa a leda da 'yar iska a ciki, ya ajiye a inuwa. Ciyawar ruwa ba ta jimre bushewa ko ta ɗan lokaci kaɗan, ba ta kuma jimre zafin rana cikin leda. In akwai dodon koɗi a akwatinsa ya faɗa, domin kasuwar nan ta 'yan sani ce, wanda ya yi algus sau ɗaya kowa zai ji.

Wanda kuma zai ɗebo ciyawa daga tafki ko kududdufi ya tuna cewa wasu ƙananan dodon koɗi na ruwayen ƙasar nan su ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum. Kada ya shiga ruwan ba takalmin roba. Mai son shigo da tsiro daga waje kuwa, doka ta ce sai da iznin hukumar da ke binciken tsire-tsire da dabbobi a bakin iyaka.

Inda Araha Ta Zama Tsada

Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah. Amma akwai wata babbar kainuwa mai shuɗin fure da kumburarren wuya wadda dashen mutum ce. Asalinta ƙasar Amazon ce a Amurka ta Kudu. Kyaun furenta ya sa aka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa don ƙawata tafkunan lambu. In ta sami ruwa mai ɗumi da taki, cikin mako 2 sai ta ninka kanta, irinta kuma ya kan yi shekara 20 cikin laka bai mutu ba. Wajen 1958 ta bayyana a Farin Nilu na Sudan, ta taru bayan madatsar Jabal Auliya ta hana jiragen ruwa sakat. A 1984 ta shigo Nijeriya ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin, daga baya kuma aka same ta a Kwara har tafkin Kainji. A 1997 ta toshe tashar jiragen Kisumu a tafkin Biktoriya, masunta suka kasa fita da kwale-kwalensu.

Salbiniya ma daga Barazil ta fito. An gan ta a tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, a 1959. Kafin 1962 ta ƙare ta rufe wajen kashi 1 cikin 5 na tafkin. Ita ba ta bukatar iri, ɗan guntu ɗaya ya isa. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, wata ciyawa mai suna Haidirila da aka shigo da ita daga Asiya don akwatin kifi a shekarun 1950, aka zubar da ita cikin magudanar ruwa, har yau ana kashe kuɗi masu yawa kowace shekara wajen yaƙi da ita.

Ɓarnar iri ɗaya ce ko'ina. Ciyawar ta kan rufe fuskar ruwa, haske ya kasa shiga, iska ta ƙare, kifi ya mutu ko ya gudu. Ta kan toshe hanyar ruwan lambu da bakin injin ban ruwa, ta yage taru, ta zama maɓoyar sauro da dodon koɗi. Mutanen Haɗejiya da Nguru, waɗanda suka ga yadda kachala ta cinye musu fadamu da hanyoyin ruwa, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. An sami sauƙi a wurare da dama ta hanyar kawo wasu ƙananan ƙwari daga ƙasar asalin ciyayin, masu cin su kaɗai, amma aiki ne na shekaru da kuɗin gwamnati. Shi ya sa a 2016 Tarayyar Turai ta hana saye da sayar da kainuwa mai shuɗin fure a ƙasashenta.

Abin Yi

Duk mai akwatin kifi ko tafkin lambu, in ya rage ciyawa, ya shanya ta a rana bisa daɓe har ta bushe ƙarau, sa'an nan ya ƙone ta ko ya binne ta nesa da ruwa. Ruwan wankin akwati a zuba shi gindin shuka a tudu, taki ne mai kyau, kada a sake shi cikin kwata mai zuwa rafi. Wanda ya gaji da kiwon ya ba wani mai kiwo kayansa, kada ya juye su a tafki yana ganin ya yi wa kifin alheri. Mai sayarwa ya gaya wa kowane mai saye wannan, ko da gyara ya ba shi.

Manomi ko masunci da ya ga baƙuwar ciyawa tana yawo bisa ruwan garinsu, ya tsamo kaɗan cikin leda ya kai wa malamin gona, ya kuma sanar da mai unguwa. Tun tana 'yar tabarma mutum biyar za su kwashe ta da safe ɗaya. In ta kai damina biyu, gari duka ba zai iya ba.