Neman Aiki da Riƙe Shi a Kasuwar Bilak: Shawara Ga Ɗan'uwa Mai Nakasa

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar birnin Abijan ƙarƙashin gwamna Ibrahim Cissé Bacongo ta haramta bara da tallar kan titi da tura amalanke, tambaya ɗaya ke yawo a tsakanin 'yan'uwanmu masu nakasa da iyayensu: to yanzu ina aka nufa? Wanda ya shekara da shekaru yana zama a mahaɗar hanya ko ƙofar masallaci ba zai wayi gari da albashi ba don kawai an fitar da sanarwa. Ga wanda yake Ajame ko Tirashbil, amsar da na fi gamsuwa da ita tana kusa da shi, a cikin kasuwar Bilak ta Ajame da shagunan waya da ke kewaye da ita.

Na san abin da za ka ce, ɗan'uwa. Bilak ba wurin keken guragu ba ne. Lungunan ƙunci ne, ga kwatoci a buɗe, ga cunkoso kafaɗa da kafaɗa, ga yara masu jan hannun mai saye suna rantsuwa cewa wayarsu sabuwa ce dal. Gaskiyarka. Amma ka tsaya ka dubi aikin kansa. Mai gyaran waya a zaune yake wuni, fitila a gabansa, hantsaki a hannu ɗaya, ƙarfen narka dalma a ɗayan. Canza gilashi, sauya batir, gyara bakin caji, sake zuba wa waya manhaja, babu ɗaya a ciki da ke neman ƙafa. Ido ne da yatsu da haƙuri. Wahalar tana wajen isa teburin da kuma daɗewa a kansa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa bayan sun riga sun samu shiga.

Kada ka fara da yawon shago-shago kana cewa a taimaka maka da aiki. Ɗan kasuwa idan ya ji kalmar taimako daga bakin gurgu, hannunsa aljihu yake nufa. Zai ba ka ɗari biyu, ya yi maka addu'a, magana ta ƙare. Ka fara koyon abu ɗaya ƙwaƙƙwara kafin ka buɗe baki. Matattun wayoyi suna da arha a kasuwar. Ka sayi biyu ko uku, da ɗan kwalin sukudireba, ka yi ta kwancewa kana mayarwa a ɗaki har sai hannunka ya daina rawa kuma ba ka bar ko ƙusa ɗaya a waje ba. A YouTube akwai darussan gyara da Faransanci da Hausa. Ranar da za ka je wurin maigida, ka nemi ya ba ka wayar da gilashinta ya fashe, ka canza a gaban idonsa. Gani ya kori ji.

Sannan kada ka je kai kaɗai. A Bilak amana ce jari, domin wayar mutane ce za a damƙa maka, wata ta fi kuɗin hayar ɗakinka na shekara. Ka nemi wanda zai tsaya maka, ko limamin unguwa, ko wani daga fadar sarkin Hausawa, ko dattijo ɗan garinku da ya daɗe a kasuwar. A gabansa za a yi maganar koyon aiki: wata nawa za ka yi, nawa ne kuɗin abinci da na mota a kullum, yaushe za a fara ba ka kaso a kan kowace wayar da ka gyara, kuma wa zai biya idan gilashi ya fashe a hannunka kana koyo. A rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Wasu za su ce ai tsakaninmu babu haka. Addininmu ma ya ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma mai nakasa ya fi kowa buƙatar takarda, don shi ake fara sallama ran da kasuwa ta ja baya.

Akwai maganar da kunya ke hana mutane yi a ranar farko, ita ce kuma ke korarsu daga aiki a wata na biyu: bayan gida. Ka tambaya tun kafin ka amsa. Ina yake, matakala nawa ce, ƙofar za ta ɗauki kekenka, akwai inda za ka yi alwala? Masu lalurar ƙafa da yawa suna ƙin shan ruwa wuni guda don gudun fita, a cikin zafin Abijan, har ciwon mafitsara ya kwantar da su. Maigida kuwa abin da ya gani kawai shi ne yaro ba ya zuwa aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka batun tebur. Idan ya yi tsawo, a rage ƙafafunsa ko a ɗaga mazauninka, kafinta zai yi wannan cikin sa'a ɗaya. Wanda ya samu rauni a laka ya nemi matashi mai kyau, ya riƙa ɗaga jikinsa a kai a kai, domin gyambon zama idan ya kama mutum sai ya cinye masa watanni. Mai buƙatar takalmin ƙarfe ko ƙafar roba ya san da cibiyar Don Orione da ke Bonuwa, wadda ta daɗe tana wannan aiki.

Sai hanya. Ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa kafin ka lissafa abin da za ka samu. Motar haya ta gbaka ba ta jiran mai sanda, yaron mota kuma ba kullum yake yarda a ɗora keke ba, ko ya ce sai an biya masa kujera. Idan daga Abobo ko Yopugon kake tasowa, ka roƙi a ba ka lokacin da ya kauce wa cunkoson safe, ka zo da hantsi ka tashi bayan magariba, ko ka ƙulla da direban tasin woro-woro ɗaya da zai san ka. Ni dai, ga mai keke, na fi son Tirashbil. Unguwar shimfiɗe take, titunanta a jere da lambobi, shaguna da dama ƙofarsu na kallon titi kai tsaye. Cinikin bai kai na Ajame zafi ba, amma aikin da kake iya isa gare shi kullum ya fi wanda za ka riƙa fashi. Ka kuma yi maganar damina tun da wuri. Daga Mayu zuwa Yuli, musamman Yuni, akwai ranakun da ruwa zai hana ka fita. A amince tun yanzu cewa za ka iya tafiya gida da aikin da ba na gaggawa ba.

Kada ka kafa tebur a gefen titi, ko da an ce maka wurin kyauta ne. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Boribana da Gesco a 2024 ya san yadda abin yake zuwa. Ranar da aka zo kwashe kaya, masu ƙafa za su sungumi nasu su ruga, kai kana nan. Kusurwa ƙarama a cikin shago mai takarda, ko da za ka riƙa ba da wani abu a wata, ta fi maka kwanciyar rai.

Abu na gaba ka riƙe shi da hannu biyu. Wayar sata tana yawo a kasuwar, kowa ya sani, kuma ɓarawo yana son sabon mai gyara da bai san dawan garin ba. Ka sayi littafi. Duk wayar da ta shigo hannunka ka rubuta sunan mai ita, lambarsa, irin wayar, abin da ya lalace, da lambar IMEI, wadda ke fitowa idan ka danna *#06#. Wanda ya kawo waya a kulle ya ce ya manta lambar sirri, ba shi da kwali ba shi da rasiɗi, ka ba shi haƙuri ya tafi. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasar. Littafin nan shi ne shaidarka a gaban 'yan sanda, shi ne kuma zai nuna wa maigida wayoyi nawa ka gyara a wata idan aka zo maganar ƙarin kaso.

Ba mai lalurar ƙafa kaɗai nake nufi ba. Kurma yana iya zama gwanin gyara, hayaniyar kasuwar ma ba ta dame shi. Ciniki kuwa da rubutu a WhatsApp da na'urar lissafi ake gama shi, in dai an rataya ɗan allo da ke sanar da mai saye. Makaho da ya iya TalkBack a wayar Android ko VoiceOver a iPhone zai iya riƙe layin shago, ya karɓi oda, ya bi bashi, ya sayar da caja da abin sauraro da rigar waya idan an jera su a tsari ɗaya ba a canzawa. A Yopugon akwai cibiyar makafi ta INIPA da makarantar kurame ta ECIS, ga iyayen da ke da yara ƙanana. 'Yar'uwa kuma, rumfar Wave ko Orange Money ko MTN MoMo aikin zama ne da lissafi, sai dai a sa mata ƙarfen tsaro kuma kada ta riƙa tashi ita kaɗai da kuɗi da dare.

Wanda ya yi karatu yana da wata ƙofa, kuma abin takaici ne yadda mutanenmu ba su ƙwanƙwasa ta. Kodebuwa tana da dokar kula da masu nakasa tun Nuwamban 1998, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2014. Dokar ƙwadago ta 2015 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda nakasa, sannan wata doka ta watan Mayun 2018 ta wajabta wa kamfanoni: mai ma'aikata har zuwa 100 ya ɗauki aƙalla mai nakasa ɗaya, wanda ya haura haka kashi 2 cikin 100. Gwamnati ma tana ware gurabe na musamman a aikin gwamnati, amma wannan na 'yan ƙasa ne. Yaranmu da aka haifa a nan kuma suke da takardar zama ɗan ƙasa su nema, ta ma'aikatar ayyukan yi da kare al'umma, su kuma yi rajista a Agence Emploi Jeunes. Kamfanoni da yawa ba su cika wannan ƙa'ida, shi ya sa shiga ƙungiya yake da amfani. Wasiƙar da ta fito daga ƙungiyar masu nakasa kamar FAHCI ko COPHCI ta fi wadda ka kai da hannunka nauyi. Idan an ɗauke ka, mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2023 jaka 75 ne. Ka nemi kwantiragi a rubuce, da takardar albashi kowane wata, da lambarka ta asusun ma'aikata na CNPS. In aka sallame ka ba bisa ƙa'ida ba, ofishin sufeton ƙwadago ake fara zuwa kafin kotu.

Ko a kamfani kake ko a lungun Bilak, ka yi katin inshorar lafiya na CMU, jaka ɗaya ce a wata, kuma baƙo mazaunin ƙasa ma yana yi. Mai zaman kansa yana iya shiga tsarin CNPS na masu sana'ar kansu, wanda ake kira RSTI. Takardar haihuwa, katin ofishin jakadanci da takardar likita mai bayyana lalurarka su kasance a leda ɗaya, hotonsu kuma a wayarka.

Kuɗin farko da ya shigo, kayan aiki za ka saya da shi: mita, na'urar hura iska mai zafi, daga baya madubin ƙara girma. Mai kayan aikinsa ko an rabu da maigida, da sana'arsa yake tafiya. Adashe da mutum huɗu ko biyar da ka yarda da su zai kai ka can da sauri. A Kano, waɗanda shan inna ya nakasa sun haɗu a ƙungiya, sun buɗe wurin walda suna ƙera kekunan guragu suna sayarwa, suna kuma koya wa na baya. Ban ga abin da zai hana mutum biyar a Ajame su kama shago ɗaya ba, a ce mai gyara biyu, mai sayar da kaya ɗaya, mai karɓar kuɗi ɗaya, da yaro mai ƙafa da zai riƙa sayo kayan gyara.

Ku kuma iyayen gida, alhazan Bilak da Tirashbil, sadakar Juma'a da kuke miƙawa ta tagar mota Allah ya karɓa. Amma a shagon kowannenku akwai kusurwar da kwalaye suka cika. Ku kwashe su, ku sa katako a kan matakalar ƙofa, ku ɗauki yaro ɗaya na wata shida. Idan ya yi kuskure ku yi masa faɗa kamar sauran yara, idan ya iya ku biya shi daidai da su, kada a rage masa ko dala da sunan ai taimakonsa ake yi. In kuma mai saye ya zo ya ce shi ba zai ba gurgu wayarsa ba, Alhaji, kai za ka karɓi wayar da hannunka ka ajiye a teburin yaron, ka ce wa mai ita ya dawo bayan la'asar.