DARASI DAGA SHEƘAR SHAYA



Mutanen Gumel da Gagarawa, idan damina ta sauka ku ɗan tsaya ku kalli shaya a bishiyar bayan gida. Tun asuba uwa da uba suke fita, su dawo da fara ko tsutsa a baki, su ɗura wa 'ya'yansu a kogon bishiya, su sake komawa.

Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Annabi (SAW) ya buga misalin tawakkali da tsuntsu: yana fita da yunwa, ya dawo a ƙoshe. To ka lura, fita yake yi! Malam, kai da ka bar iyali babu cefane kana zaman majalisa, ko dako ne ka je ka yi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Sannan Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud: sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana kaɗa fikafikai, Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata. Iyaye, mu hana yaranmu kwashe sheƙa da harbi da gwafa don wasa.

Allah Ya sa mu dace, amin.