Ɗana Yana Son Karatun Fiziks, Ni Kuma Shago Nake Son Ya Riƙe

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Zangon Kwatano, ina sayar da kayan lantarki a kasuwar Dantokpa. Babban ɗana ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, ya kafe sai karatun fiziks, ni kuwa so nake ya karɓi shago don ƙannensa su samu madogara. Shin a cikin mutanenmu an taɓa yin wanda ya yi wannan karatu ya amfani gida da shi?

AMSA: Allah ya raya zuri'a. An taɓa yi, kuma ba daga nesa ya fito ba.

Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa aka haife shi, cikin jihar Maraɗi ta Nijar, a 1929. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta malaman fiziks da Faransawa ke kira agregasiyo, wadda kafin shi babu ɗan ƙasashenmu renon Faransa da ya taɓa cin ta a wannan fanni. Mai irin wannan takarda da ya so da ya yi zamansa a Turai. Sai ya dawo, ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a ilimin makamashin rana.

Abin da nake so ka duba da kyau, Alhaji, shi ne inda ya kai ilimin. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A 1969 ya koma gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. A can ba alli da allo kaɗai ake yi ba. Ana yanka ƙarfe, ana walda, ana haɗa tukunyar ɗumama ruwa da rana, da murhun dafa abinci ba itace ba gawayi, da na'urar tace ruwa, da ta busar da amfanin gona. Duba jerin nan ka gani, kusan duk kayan cikin gida ne: wahalar uwar da ke neman itacen girki, da ruwan wankan jego, da tumatirin da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Mutumin da ya tsaya kan waɗannan, a ganina, ya san ciwon iyali.

Littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ma ya tsaya sosai kan tarbiyyar gargajiya, wadda gida da dangi da unguwa ke haɗuwa su ba yaro, ya kuma nemi a riƙa koyar da yara da harsunansu. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Yau faifan sola ya cika kasuwanninmu daga Kwatano har Kano, amma akasarinsa daga Sin ake shigo da shi, alhali tun fiye da shekara 50 da suka wuce ana ƙera kayan rana a Yamai. Hukuncina shi ne masananmu sun yi nasu, abin da ya yi ƙaranci shi ne 'yan kasuwa masu jari da za su ɗauki ƙirar gida su kai ta rumfa rumfa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai kana da jari da abokan ciniki, ɗanka yana neman ilimin kayan da kake sayarwa. Ban ga saɓani a nan ba.

Kuma ba sai ya haye teku ba. Jami'ar Abomey-Calavi tana bakin Kwatano, tana da sashen fiziks, ga kuma cibiyarta ta lissafi da fiziks a Dangbo, kusa da Porto-Novo, don karatu mai zurfi. Tashar lantarkin rana ta Illoulofin a Pobè, an buɗe ta a 2022 da ƙarfin megawat 25, irin waɗannan wurare kuwa masu ilimi suke buƙata.

Tsoronka kan ƙannensa gaskiya ne, domin karatun yana da tsawo, kuɗi kuma ba ya zuwa da wuri. Don haka ku yi sharaɗi a gaban mahaifiyarsa: ranakun hutu yana shago, ya koyi ciniki da riƙe littafin bashi, ya riƙa bin masu haɗa sola zuwa gidajen mutane don hannunsa ya saba da waya da batir. Idan ya amince da haka, Alhaji, ka sa masa albarka ka biya masa kuɗin rajista.