Shirin Doguwar Tafiya da Kaya a Baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana nufin doguwar tafiya a ƙasa da jaka goye a bayanka, sai ka soma horar da jikinka tun da sauran wata biyu.

Ga misali. Daga Kano zuwa Zariya kamar kilomita 150 ne. In kana cin kilomita 25 kullum, tafiyar kwana shida ke nan. Wanda bai saba ba, kafin kwana uku ƙafarsa ta yi bororo, kafaɗa ta sage, guzuri ya ƙare yana zaune a gefen hanya.

To, mako na fari ka yi tafiyar sa'a guda da sassafe, watau kamar kilomita 5, jaka ba nauyi. Sa'an nan kowane mako ka ƙara nisa da kaya kaɗan kaɗan. Amma kada kayan su wuce ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 60, iyakarsa kilo 12. Ka tuna ruwa lita ɗaya kilo guda ne.

Ka sa abu mai nauyi dab da gadon bayanka, ka ɗaure igiyar ƙugu tamau, domin ƙugu ya fi kafaɗa ɗaukar kaya. Takalmin da za ka tafi da shi, da shi za ka yi horo. Kusa da tashi ka gwada tafiyar yini biyu a jere. In ka wayi gari ran na uku jiki bai yi tsami ba, ka shirya.