NOMA DA KIWO: Motar Jan Kaya, Mai Gas Ko Mai Fetur?

Ga kaka ta kama, amfanin gona ya zo gida. A irin wannan lokaci ne manomin da ya sami albarka, ko ɗan kasuwa mai bin ƙauyuka sayen hatsi, yakan fara shawarar sayen a-kori-kura, ya ɗaura mata 'yar tirela a baya, don ya huta da kuɗin haya. To, wace zai saya, mai shan fetur ko mai shan gas, watau man dizal? Wannan ba abin gaggawa ba ne, gama kuɗin mota guda yakan cinye ribar noman shekaru, kuma wanda ya zaɓa ba daidai ba, shi da bakanike sun ƙulla abota ke nan.

Bambancin injin biyu

Injin fetur, irin wanda wani Bajamushe, Nikolas Oto, ya ƙera a 1876, yana haɗa iska da mai ya matse su, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta. Na gas kuwa, wanda Rudolf Dizal ya kammala a Jamus a 1897, har man ya ci sunansa, ba ya bukatar tartsatsi. Iska zalla yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata gas ya kama da kansa. Injin fetur yakan matse iska kamar sau 10, na gas kuwa sau 15 zuwa 20. Saboda wannan matsi ne akan ƙera injin gas da ƙarfe mai kauri. Shi ya sa ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma yakan fi daɗewa in an kula da shi.

Doki da sa

Kowane manomi ya san doki ya fi sa gudu, amma in garma za a ja, sa ake nema. Haka abin yake ga injin nan biyu. Abin da ke tayar da kaya daga tsaye, ko ya haura da su tudu, shi ne ƙarfin da inji ke murɗa taya da shi, ana auna shi da Newton-mita. A ɗauki Toyota Hilux, ƙirar 2015 zuwa gaba. Mai injin fetur lita 2.7 tana da ƙarfin doki wajen 164, mai injin gas lita 2.4 kuwa wajen 150. Wanda ya dubi wannan kaɗai sai ya ce ta fetur ta fi. Amma wajen murɗa taya, ta fetur tana ba da Newton-mita wajen 245, shi ma sai inji ya kai juyi 4,000 a minti. Ta gas tana ba da har 400 tun inji yana juyi 1,600 kacal.

Ma'anar wannan ita ce, mai motar gas zai tashi da tirela cike daga bakin gona, cikin rairayi ko laka, inji yana tafiya a hankali. Mai ta fetur sai ya taka totur sosai, inji yana kuka, kuloci yana ƙonewa. A hanya mai hawa, irin Hawan Kibo kan hanyar Jos, ko hanyar Gembu ta tsaunin Mambila, nan ne bambancin ke fitowa fili.

A fara auna kaya

Kafin mutum ya je wajen masu sayar da mota, ya zauna ya lissafa nauyin abin da zai riƙa ja. Buhun masara kilo 100 ne, buhun takin zamani kilo 50, litar ruwa kilo 1, watau tankin ruwa mai cin lita 1,000 tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. Masu ƙera Hilux sun yarda wasu daga cikin masu gas su ja har kilo 3,500, ta fetur kuwa wajen kilo 2,500. Adadin yakan bambanta bisa ga ƙira, don haka a duba littafin motar. Kuma wannan in tirela tana da birkinta ne. In ba ta da birki, iyaka kilo 750, ko wane irin inji ne.

Misali, tirela mai nauyin kilo 500 da buhu 20 na masara, kilo 2,500 ke nan, ta fetur ta kai maƙura. Mai gas za ta iya ƙara buhu 10. Har wa yau, kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin tirela yana sauka ne kan bayan mota, a wurin ƙugiya. Bayan a-kori-kura kuwa bai wuce ɗaukar wajen tan guda ba, har da direba da mutanen da ke ciki. Saboda haka ba a cika bayan mota maƙil, sa'an nan a cika tirela maƙil.

Lissafin mai

Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 ko fiye cikin 100, injinsa kuma ya fi tattali, don haka motar gas ta fi nisan tafiya da lita guda, balle da kaya. Amma a Nijeriya an daɗe gas yana fin fetur tsada, domin gwamnati tana tallafa wa fetur ban da gas. Da aka janye tallafin a watan Mayu na 2023, fetur ya hau, tazarar ta ragu, lissafin da ya canja.

Ga misali don a gane yadda ake yi, kowa ya sa farashin garinsu. A ce da kaya mai fetur ta sha lita 14 a kilomita 100, mai gas ta sha lita 10. In fetur Naira 1,000 ne, gas 1,200, ɗaya ta ci 14,000, ɗaya 12,000, rara 2,000 ke nan. Mai tafiya kilomita 30,000 a shekara ya tsira da Naira 600,000. Mai tafiya 5,000 kuwa 100,000 kaɗai, wadda ba za ta biya ƙarin kuɗin sayen motar gas ba sai bayan shekaru da yawa. In kuma gas ya kai 1,400, rarar ta ƙare.

Gyara da kulawa

Nan ne motar fetur ke ramawa. Da wuya a sami kasuwar ƙauye da ba bakaniken da ya san injin fetur, tun zamanin Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kayan gyaransa kuma sun fi araha. Injin gas na zamani yana fesa mai ta nozul masu ƙofa kamar tsinin allura, da matsi mai tsanani. Ɗan ruwa, ko ƙasa, ko kananzir da aka cuɗa a gas, ya isa ya kashe famfo da nozul, kuɗin canja su kuwa ba kaɗan ba ne, kuma sai an je birni. Mai motar gas ya guji man 'yan bumburutu, ya riƙa tsiyaye ruwan da matatar mai ke tarawa, ya canja matata da baƙin mai a kan kari, ya kakkaɓe matatar iska lokacin ƙurar hunturu. In aka yi kuskure aka zuba mata fetur, kada a tayar da inji sai an juye tanki.

Wasu motocin gas na hannu da ake shigowa da su daga Turai suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda takan toshe in tafiyar gajeruwa ce kullum, ko man ba shi da kyau. A tambaya kafin a biya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Wa ya kamata ya sayi wace?

Wanda zai riƙa jan tan 2 zuwa sama kowane mako, hanya mai nisa, kamar mai kai hatsi kasuwar Dawanau daga Saminaka ko Funtuwa, kuma yana da gidan mai amintacce, ta gas ce tasa. Haka mai tarakta ko injin niƙa, gama duro ɗaya zai wadace su duka, gas kuma ba ya saurin kama wuta a ajiye kamar fetur. Wanda kayansa ba su wuce tan guda da rabi ba, daga gona zuwa gida ko kasuwar kusa, mafi yawa da kaka, ta fetur ta ishe shi, sauran kuɗin ya sayi taki.

Ko wace aka saya, a sa kaya masu nauyi bisa ƙafar tirela, a ɗan rinjayar da su gaba, a ɗaure da sarƙa bayan ƙugiya. A rage gudu, a ba motar gaba rata, gangara kuma a sauka da ƙaramar giya don kada birki ya yi zafi ya saki. Mako mai zuwa za a yi bayanin yadda ake duba taya da sifirin na tirela kafin a yi lodi.